Kwancin Baronesa

Tun da yanyawa ta ɗauke mana zakara a watan Fabrairu,
ba mai tada ƙauyen Vilarinho sai ƙararrawar coci.
Kaji shida suka rage a bayan gidan Baba,
ƙarƙashin ɓauren da uwata ta dasa.
Ta shidan, ja, mai ɗingishi, ita ce Baronesa.

Ran Talata na zura hannu a gurbi,
ta kumbura kamar ƙullun da ya kwana,
ta yi min gurnani, ta kai min sara a wuyan hannu.
Gashin ƙirjinta duk ta tsige da kanta,
fata tsirara, zafi rau kamar goshin mai zazzaɓi.

Na ce, ke, ba kya lissafi ne?
Ƙwan da bai san zakara ba,
ko shekara kika yi a kansa, baragurbi ne.
Na kwashe ƙwan, ta kwanta kan ciyawa.
Na kwashe ciyawar, ta mirgino dutse,
wani fari, daga gindin katanga,
ta lulluɓe shi da fiffike.

Gracinda ta leƙo ta saman katanga
da baƙin ɗankwalin da ba ta cire ba tun rasuwar mijinta.
"Tsoma ta a ruwan sanyi, Idalina, wutar a ƙirji take."
Na tsoma. Ta fito tana ɗiga, ta harare ni,
kafin in zubar da bokiti ta koma kan dutsenta.
"To, kejin waya. Rataye shi, iska ta bi ta ƙarƙashinta.
In ta ƙi, tukunya na nan,
sabo da kaza ba ya hana yanka."

Kwana uku a rataye, ko ƙwayar masara ba ta taɓa ba.
Zankonta ya koɗe,
ƙashin ƙirji ya fito kamar bakin wuƙa.

Baba na kujerarsa a bakin ƙofa,
hula a gwiwa, ido a kan hanyar gonar zaitun.
Kowace yamma sai ya ce, "Uwarki ta yi jinkiri yau."
Saboda wannan magana na baro aikina a Lyon.
Likita ya ce in riƙa gaya masa gaskiya, a hankali.
Sau biyu na gaya masa.
Sau biyu ya binne ta.

Dare na huɗu na sauke kejin.
Na buga ƙofar Gracinda, ta fito da fitila tana mita,
ta miƙo min ƙwan agwagwa biyar a tsohuwar hular mijinta.
"Nasu ashirin da takwas ne, ba ashirin da ɗaya ba.
Kullum ki ɗaga ta, ta ci, ta sha,
in ba haka ba a kansu za ta mutu."

Cikin duhu na zare dutsen,
na zura ƙwan ɗaya bayan ɗaya.
Ta gyara zama, ta yi wata 'yar murya can ƙasa
wadda ban taɓa ji a bakinta ba.

Uku suka ƙyanƙyashe.
Biyu suka yi wari, na binne su a gindin ɓaure.
Ga ta can yanzu tana zagaye komin ruwa,
tana kyarkyara kamar gobara ta tashi,
'ya'yanta masu faɗin baki na ta iyo, ko a jikinsu.

Dutsen yana aljihuna har yau, ban san me ya sa ba.

Baba ya ce, "Uwarki ta yi jinkiri yau."
Na jawo kujera kusa da tasa.
Na ce, "Hanyar ce da nisa, Baba."
Muka zuba ido tare har ƙararrawa ta buga bakwai,
sannan na tashi rufe akurki.